MAI CIWON SUKARI DA ALLURARSA: ABIN DA MUTANEN GIDA ZA SU LURA DA SHI

Wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin gidan da ke da mai ciwon sukari, irin wanda likita ya ce ƙwaya ba ta isar masa, sai allura. In akwai mai karatu a gidan, to, ya tara jama'a ya karanta musu, har da uwargida da yaran da suka yi wayo, domin ran da abu zai ɓaci ba lalle ne maigida yana nan ba.

Maganin da ke cikin allurar nan sunansa insulin, kuma ba baƙo ba ne ga jikin ɗan Adam. Akwai wata 'yar tsoka doguwa kwance a bayan tumbi, ita ke yin sa dare da rana. Aikinsa shi ne ya buɗe wa sukarin da ke yawo cikin jini ƙofa, ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. Tuwo da fura da shinkafa da rogo, duk sukari suke komawa in sun narke a ciki. Idan tsokar nan ta gaza, sai sukari ya taru cikin jini ya rasa mashiga. Mutum ya yi ta ci yana ramewa, ya yi ta shan ruwa ƙishirwa ba ta yankewa, ya yi ta tashi fitsari da dare, har kiyashi su riƙa taruwa inda ya yi.

A da, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa. Sai a 1921 wasu masu bincike biyu a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best, suka tatso insulin suka gwada a kan karnuka. Cikin Janairu 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, ya farfaɗo. Shekaru da yawa daga jikin shanu da aladu ake samo shi, shi ya sa har yau wasu ke ƙyamarsa. Su kwantar da hankalinsu. Tun 1982 aka fara sayar da insulin irin na mutum wanda ake haɗawa a masana'anta, ba daga jikin dabba ba. Mai shakka ya nemi malamin asibiti ya karanta masa abin da ke jikin kwalbar.

To, ga abin da ake so kowa ya gane. Jikin mai lafiya shi ke auna wa kansa insulin. In ya ci da yawa ya saki da yawa, in ya kwana da yunwa ya rage. Amma wanda aka ɗura da allura, in ya shiga ya shiga ke nan, ba mai iya fid da shi, kuma zai yi aikinsa ko an ci abinci ko ba a ci ba. Watau abu uku ne ke kan sikeli: abinci yana ɗaga sukari, allura da aikin ƙarfi suna saukar da shi. Adadin da ya yi wa mutum daidai da rani, yana zaune a zaure, yana iya yi masa yawa da damina, sa'ad da yake huɗa tun da asuba. Saboda haka adadin da aka rubuta a kati ba na har abada ba ne. Ana ƙarawa, ana ragewa, amma sai da shaida, shaidar kuwa daga gida take fitowa.

WANDA BA SHI DA BAKI

A nan Katsina, a unguwar GRA, akwai wani gida da nakan je awon jinin wata tsohuwa. Suna da wani tsohon muzuru mai ƙiba wanda likitan dabbobi ya ce yana da ciwon sukari, ana yi masa allura sau biyu a yini, awa 12 tsakani. Na san mai karatu zai yi dariya, ya ce mutane ma ba su samu ba balle kyanwa. Gaskiyarsa, ban kuma kawo zancen don a yi koyi da kashe kuɗin ba. Littafin da yaron gidan ke rubutawa shi ya ja hankalina.

Da yake muzuru ba zai ce yana jin jiri ba, sai likitan ya ce a riƙa duba abu huɗu. Da safe a auna masa ruwa da gwangwani, da dare a ga abin da ya rage. A duba yawan jiƙon yashin da yake fitsari a ciki. A rubuta ko ya cinye abincinsa ko ya bari. Ran Juma'a a ɗora shi a sikeli. Wani lokaci kuma a ɗan tsaga gefen kunnensa a auna jini, a gida, domin kyanwa in ta tsorata a asibiti sukarinta kan hau, awon ya ruɗi likita. Ba a taɓa adadin allurar sai an yi kamar mako guda ana kallo, in za a taɓa ma ɗan kaɗan ne. Akwai kuma wani abin mamaki game da kyanwa: wani lokaci tsokar nan tata takan farfaɗo ta koma aiki, allurar da ke yi mata magani jiya ta zama mai kashe ta yau. Littafin ne ke nuna haka kafin a yi ɓarna.

A gidajenmu ma akwai marasa baki. Akwai ƙaramin yaro, akwai tsohon da tunaninsa ya fara rauni, akwai kuma amaryar da kunyar surukai ba za ta bar ta ta ce tana jin yunwa ba. Waɗannan abu huɗu, ƙishirwa da fitsari da cin abinci da nauyin jiki, ba sa bukatar ko kwabo. A ƙidaya sau nawa ya tashi fitsari da dare. A lura ko mazagin wando ya fara yi masa yawa, ko zobe na zamewa daga yatsa. In ƙishirwa da fitsari suna raguwa, jiki yana cikowa, allura ta kama hanya. In suna ƙaruwa, akwai gyara.

AWON JINI DA LITTAFI

A tsofaffin disfensare, fitsari ake dafawa da wani ruwa shuɗi a kan wuta, in ya koma kore ko rawaya ko ja kamar jan bulo a san akwai sukari. Wannan awo yana nuna hawan sukari, amma ba ya nuna faɗuwarsa, faɗuwar kuwa ita ce mai saurin kisa. Yanzu akwai 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. A wanke hannu da sabulu a shanya, domin ɗan maiƙon mangwaro ko rake a yatsa yana ƙara lamba. A soki gefen yatsa, ba tsakiya ba, a ɗiga jinin a tsinken gwaji, lamba ta fito.

Na'urorin iri biyu ne. Wata tana ba da manyan lambobi kamar 120, wata ƙanana kamar 6.7. Duk magana ɗaya ce, in ka riɓanya ƙaramar sau 18 ka sami babbar. A nan manyan za mu bi. Ga yawancin manya, abin da ake nema da safe kafin a ci kome shi ne tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma kada ya kai 180. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Mai ciki da yaro da tsoho tukuf kowa da nasa ma'auni, likita zai faɗa.

Tsinken gwaji yana da tsada, kowa ya sani. Wanda ba shi da halin yi kullum, kada ya ƙarar da su barkatai. Gara ya zaɓi kwana uku a jere kafin ranar asibiti, ya auna da safe kafin karin kumallo, da kuma kafin tuwon dare, ya ajiye 'yan kaɗan saboda ranar rashin lafiya.

A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, lokacin allura da adadinta, lambar da na'ura ta nuna, sa'an nan abin da ya faru, kamar "an yi biki", "ya je kasuwar Caranci da ƙafa", "zazzaɓi", "bai ci tuwo ba". Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kada a gyara lamba don a faranta wa likita rai. Na sha ganin littafi mai kyau kamar an zana, mai shi kuwa ƙafa ta fara ruɓewa. A manyan asibitoci, irin su Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, a tambayi gwajin nan da ake yi bayan wata uku uku, wanda ke nuna yadda sukari ya zauna cikin jini duk tsawon watannin. Shi ba a yi masa wayo.

ƘARI DA RAGI

Lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Wanda ya ga 250 yau bayan ya sha fura da sukari a wurin suna, ya ruga ya ƙara allura, ya sayi wahala da kuɗinsa. Abin da malamin asibiti ke dubawa shi ne halin da lambobi suka ɗauka kwana uku ko fiye. Ga wanda ke yin allurar gauraye safe da yamma, irin mai fari-fari kamar tsinkakken nono, lambar asuba tana ba da labarin allurar daren jiya, lambar kafin tuwon dare kuma tana ba da labarin allurar safe. In lambar asuba ta tsaya 210, 230, 205, ta dare ake tuhuma. Amma kafin a taɓa ta sai an yi tambayoyi. Kwalbar ta sha rana? An tsallake wata allura? An mirgina kwalbar a tafin hannu har ta gauraya kafin a zuƙa? A ina ake soka allurar?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci. Masu allura suna son wuri ɗaya, don ya mutu ba ya zafi. Wurin kan yi kumburi mai tauri a ƙarƙashin fata, maganin ya riƙa shiga jini yadda ya ga dama, yau da yawa gobe kaɗan. A riƙa zagayawa, ciki da cinya da damtse da ɗuwawu, ana barin faɗin yatsa tsakanin sukar jiya da ta yau.

In mutum yana farkawa sharkaf da gumi, ko da mugun mafarki da ciwon kai, a auna shi wajen ƙarfe 3 na dare kafin a ƙara masa kome, domin yana yiwuwa sukarinsa faɗuwa yake yi yana barci. Ka'idar ita ce a fara gyara faɗuwa kafin hawa, a taɓa allura ɗaya ba biyu tare ba, kuma kaɗan kaɗan, galibi yunit 2, sa'an nan a jira kwanaki a gani. Wannan aikin likita ne ko malamin asibiti, sai fa wanda aka koya masa aka rubuta masa a kati. Yanzu da waya ta wadata, a karɓi lambar malamin, a karanta masa littafin daga ƙauye. In an manta allura ɗaya kada a riɓanya ta gaba. Kada kuma a daina ɗungum don an ji sauƙi, ko don an sami wani sassaƙe, musamman ga yaro ko saurayi wanda jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan. Shi kwana biyu ba allura na iya kai shi kushewa.

IDAN SUKARI YA FAƊI

Nan ne nake so a saurara da kyau. Mutum ya yi allura, abinci ya makara, ko ya tafi gona bai karya ba. Sai gumi mai sanyi ya karyo masa, jiki na makyarkyata, zuciya na bugawa, yunwa kamar ya ci babu, ido na gani dishi-dishi. Wani sai ya hau faɗa ba dalili, mutum mai haƙuri ya zagi uwar 'ya'yansa. Wani ya riƙa magana kamar mashayi. In ba a tare ba sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma. Sau da yawa a ƙauye akan ce iska ce, a tsaya hayaƙi da turare, alhali maganin yana cikin gwangwanin shayi.

In yana iya haɗiya, a dama cokalin shayi 3 na sukari a ruwa a ba shi, ko sukari mai ƙwaya 3 ko 4, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko ɗan gutsuren mazarƙwaila, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba, ko na'ura ta nuna har yanzu bai kai 70 ba, a sake. Da ya dawo hayyacinsa a ba shi abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko ɗanwake, domin allurar tana nan tana aiki.

In ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko kunu, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a shafa masa zuma ko jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatu da dasashi, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, a gaya musu tun daga ƙofa cewa mai allurar sukari ne. Kada a yi wa sumamme allurar insulin. In kuwa an rasa gane ko hawa ne ko faɗuwa, ba na'ura a kusa, a ba da sukari. In hawa ne, cokali uku ba za su kashe shi ba. In faɗuwa ce, an ceci rai. Bayan haka a rubuta a littafi, a sanar da malamin asibiti a ranar, kafin allura ta gaba.

Mai allura kada ya fita ba ƙwayar sukari ko dabino a aljihu. Ranar noma ko doguwar tafiya ya ci wani abu kafin ya fara, ya tafi da guzuri, a kuma lura da shi har dare, domin aikin rana yana iya kayar da sukari bayan an kwanta.

Zazzaɓi kuma juya lissafin yake yi. Mutane kan ce tun da ba ya cin abinci a bar allurar. Kuskure ne, ciwo yana ɗaga sukari ko ba a ci kome ba. A ci gaba da allura, a ba shi ruwa da kunu kaɗan kaɗan, a auna bayan awa 4 in da hali, a bugo waya. In ya fara amai ba tsayawa, da ciwon ciki, da dogon numfashi kamar wanda ya yi gudu, bakinsa na warin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ba zancen jiran gari ya waye. A gaya wa duk mai ba shi magani cewa yana allurar sukari, domin kwinin yana saukar da sukari, ƙwayar nan kuma ta deksa da wasu ke sha don ƙiba tana ɗaga shi ƙwarai.

KWALBA DA SIRINJI

A duba jikin kwalba. Wata an rubuta 100, wata 40, watau yawan yunit da ke cikin awo ɗaya na ruwan. Kowace da sirinjinta, na 100 galibi murfinsa ruwan lemo, na 40 ja. In aka zuƙi insulin mai 100 da sirinjin 40 har layin 20, ba yunit 20 aka yi ba, 50 aka yi. In aka juya, mai 40 a sirinjin 100, yunit 8 kaɗai ya shiga. Duk ran da aka sayo sabuwar kwalba ko sabon sirinji a kemis, a haɗa lambobin biyu a gani. Sunan ma a duba. Actrapid garau yake kamar ruwa, mai saurin aiki ne. Lantus ma garau yake, amma yini da kwana yake yi yana aiki. Kamannin ruwa ba shaida ba ne. Sirinji ba a aro, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Wanda aka gama da shi a jefa a gwangwani mai murfi a kai asibiti, kada yara su tsinta a juji.

Insulin ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara. Masu firji a GRA su sa shi a tsakiya, nesa da inda ruwa ke daskarewa, wanda ya daskare ya mutu ko da ya narke. A ƙauye kuwa, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, tukwane biyu sun isa. A sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke bi. A sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya cinye rubutun. Wannan dabara ce da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa don ajiyar kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A 2021 kuma Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi bisa zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sun tarar insulin ya riƙe ƙarfinsa har mako huɗu. Rashin firji ba dalilin ƙin allura ba ne. A rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta, in ta yi wata guda a tambaya kafin a ci gaba da ita. Wadda ta yi gudaji ko ta sāke launi a zubar. A tafi karɓo sabuwa tun da sauran ta mako guda, domin hanya ba kullum take biyuwa ba.

AZUMI

Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamai sun fi ni sanin bayaninsa. Yaro mai allura, da mai ciki, da wanda ya taɓa suma kwanan nan, da mai ciwon ƙoda, likitoci ba sa ba su shawarar ɗauka. Wanda ya yi niyya, ya je asibiti da littafinsa tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, a sāke masa tsari, domin adadin da lokacin duk sai sun canja, ta sahur galibi rage ta ake yi. Ya jinkirta sahur, kada ya cika ciki da kunun zaƙi da lemo wajen buɗa baki, ya kuma riƙa auna jini da rana, musamman bayan la'asar. In lamba ta sauka ƙasa da 70, ko ta haura 300, ko ya ji gumin nan da makyarkyata, ya sha ruwa nan take, ko da saura minti goma a kira magariba.